Jan biri: daji ya ƙare, gona ta ƙi shi, kasuwa na sayar da ɗiyansa

A ƙauyukan da ke maƙwabtaka da sauran daji a ƙasarmu, da kaka ta gabato sai kukan manoma ya tashi a kan ɓarnar birai. A daidai wannan lokaci kuma masana dabbobin daji na cewa jan biri raguwa yake yi a faɗin Afirka. To ta yaya dabbar da ke raguwa take ƙara damun mutane? Kuma ina hannun ƴan kasuwa a cikin wannan al'amari?

Duk wanda ya saba cin kasuwa a ƙasar Hausa ya taɓa ganin mai wasa da biri. Ga ganga, ga yara sun yi da'ira, ga biri an sa masa ƴar riga, sarƙa a ƙugu, yana tsalle yana miƙa hannu a ba shi dala biyar ko dala goma. Jama'a su yi dariya, a ce lalle biri ya yi kama da mutum, kowa ya koma rumfarsa. Da wuya ka samu wanda zai tsaya ya tambayi daga ina birin nan ya fito, ko ina uwarsa, ko nawa suka rage a dajin da aka ɗauko shi.

Shi kuwa manomin da gonarsa ke bakin daji, ba dariya yake yi ba. Ya sha wahalar damina tun daga shuka har noman maimai, sai hatsi ya fara ɗaukar ido, gujiya ta fara ƙosawa, garken birai ya faɗo masa da hantsi. Abin da ya fi ƙona rai shi ne biri ba ya cinye abin da ya karya. Zai gatsi wannan zangarniya ya yar, ya tumɓuke wannan gindin gujiya ya wuce na gaba. Wanda aka yi wa haka, in ka ce masa birai suna ƙarewa, sai ya ce da kai ka zo gonarsa ka ƙirga.

Amma duk da haka maganar gaskiya ce. A shekarar 2017 wasu masana 31 daga ƙasashe daban-daban sun fitar da wani babban bincike a kan dangin birai na duniya baki ɗaya, iri 504. Sun gano cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na fuskantar barazanar ɓacewa, kuma kimanin kashi 75 cikin 100 yawansu na raguwa. Jan biri namu na Sahel an daɗe ana lissafa shi cikin dabbobin da babu fargaba a kansu. Amma a shekarar 2020 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wadda ake kira UICN, ta ɗaga shi zuwa sahun dabbobin da suka kusa shiga haɗari.

Wane ne jan biri?

Birai iri uku ake samu a Nijar. Akwai bika, wanda wasu ke kira gwaggon biri, shi ne babbansu, mai dogon baki kamar na kare. Akwai kirka, ƙaramin biri mai baƙar fuska, wanda ba ya nisa da bakin ruwa da manyan itatuwa. Sai kuma jan biri, wanda ya fi su jure wa fako da ƙarancin ruwa, kuma shi ne ya fi kusa da gonakinmu. Ana samunsa tun daga Senegal har zuwa Habasha da Kenya.

Jan biri ɗan ƙasa ne, ba ɗan bisa ba. Yana da dogayen ƙafafu da siririn jiki, kuma duk cikin birai na duniya babu mai gudunsa, don yana iya kai kilomita 55 a awa. Namiji yakan kai kilo 12, mace kuwa kusan rabin haka. A mafi yawan shekara babban namiji ɗaya ne a cikin garke, sauran duk mata ne da ɗiyansu. Matan su ne masu garken na ainihi: a cikinsa aka haife su, a cikinsa za su mutu, su ne suka san inda ruwa yake da inda itatuwa ke ƴaƴa. Aikin namiji shi ne gadi. Yakan hau kan suri ko icce yana hangen nesa, in ya ga haɗari sai ya jawo hankalin abokin gaba a kansa, mata da yara su sulale cikin ciyawa.

Abincinsa na asali ba hatsi ba ne. Ƙaro yake ci, wanda ke tsatsowa daga jikin itatuwan ƙaya, da ƴaƴan itatuwa irin su aduwa da magarya, da fara, da tsutsotsi, da ƙananan ƙadangaru. Irin wannan abinci a warwatse yake, don haka garke ɗaya kan buƙaci fili mai faɗin hekta 2,000 zuwa 5,000, wani lokaci ma fiye. Mu yi lissafin kasuwa: in gida ɗaya na noma hekta 5, to filin garken birai guda ya kai gonakin gida 400 zuwa 1,000. Ban da wannan, da dare ba sa taruwa a kan icce ɗaya, kowane babba icce nasa yake nema ya kwana. Da rani kuma dole su samu wurin shan ruwa kusa. Fili mai faɗi, itatuwa masu yawa, da ruwa: waɗannan uku su ne rayuwar jan biri, kuma su ukun ne suka fi tsada a karkararmu a yau.

Ina dajin ya tafi?

Amsar tana cikin ƙidayar jama'a. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ɗoriya. A ta 1988 sun wuce miliyan 7, a ta 2001 sun kai miliyan 11, a ta 2012 kuma miliyan 17. Yau an haura miliyan 25. Mafi yawan wannan jama'a kuwa a ɗan zirin kudu take zaune, inda ruwan sama ke isar noma. A ƙidayar 2012, jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa kowace ta haura mutum miliyan 3.

Dattawa sun san lokacin da tsakanin gari da gari akwai daji, lokacin da ake barin gona ta huta shekaru ta zama saura, ciyawa da ƙananan itatuwa su rufe ta. A cikin irin wannan daji da saura jan biri ke kiwo, ba ruwansa da kowa. Yanzu a wurare da yawa gonar wannan gari ta haɗe da ta wancan, saura ta zama labari, har burtalin dabbobi ma sai an yi shari'a a kansa. Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe itatuwa masu ɗimbin yawa, suka kuma tura mutane sharar sababbin gonaki a wuraren da da makiyaya da namun daji kaɗai ke shiga.

Sai kuma maganar icce da gawayi. Mafi yawan gidajen ƙasar nan da icce suke dafa abinci, har a manyan birane. Kowace amalanke da kowace kamyo da ke shigowa Maraɗi ko Yamai shaƙe da icce, daga wani daji ta fito, kamar dajin Baban Rafi da ke kudancin Maraɗi, wanda ya daɗe yana ciyar da murhun birnin. Itatuwan ƙaya da masu gawayi ke so saboda ƙarfin wutarsu, su ne masu ba biri ƙaro, su ne kuma makwancinsa.

Ruwa shi ne na uku. Tabkin da a da yake tsakiyar daji, yau garake sun kewaye shi, an yi shinge, ana noman rani. Wanda ba a noma ba kuma garkunan shanu da awaki na kansa tun safe har yamma, da makiyaya da karnukansu. Birin da ke jin ƙishirwa dole ya ratsa ta cikin mutane kafin ya sha.

Hausawa na cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Jan biri dabba ce mai tsoron mutum ƙwarai. In kuka gan shi yana kutsawa gona da rana tsaka, ya san akwai kare, ya san akwai jifa, to yunwa da ƙishirwa ne suka koro shi. Garkuna biyu ko uku da suka rage, in aka matse su a ɗan guntun daji guda, ƙauyukan da ke kewaye za su riƙa ganinsu kullum, su ɗauka birai sun yi yawa. Alhali kuwa a sauran ƙasar da a da suke yawo, ko sawunsu babu.

Faɗan gona

Da biri ya saba da gona, sai faɗa ya tashi, kuma a wannan faɗa shi ne ke kwana ciki. Ana kafa masa tarko, ana kiran mahalba, ana sakar masa karnuka. Babban biri na iya tsere wa kare, amma uwa mai goyo da ƙananan ɗiya ba sa iyawa, musamman a filin da aka sare itatuwan da za su haye.

Mafi muni shi ne guba. Wasu kan zuba maganin ƙwari a cikin abinci su ajiye a bakin gona. Ita guba ba ta san biri ba: akuyar maƙwabci na iya ci, kare na iya ci, yaron da ke kiwo na iya ɗauka. Gawar da ta faɗi kuma angulu ya sauka a kanta ya mutu. Mahauta da masu sayar da nama su ne shaida a nan. Shekarun baya, wace mahauta ce ba a ganin angulaye jere a kan katanga? Yau a garuruwa da yawa sai ka yi wata ba ka ga ko ɗaya ba. Tun shekarar 2015 aka sa wannan angulu na gari cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ɓacewa, kuma guba da cinikin sassan jikinsa na cikin manyan dalilai. Babu wanda ya lura da ranar da ya fara raguwa, domin kowa na ganin ai angulu ba ya ƙarewa. Irin wannan hanya ce jan biri ya kama.

Birin kasuwa, daga ina?

A nan ne magana ta iso rumfunanmu. Babban biri ba ya horuwa, saboda haka duk birin da kuka gani a hannun mai wasa, ko ɗaure a gidan wani mai hali, yana jariri aka kamo shi. Jaririn biri kuwa manne yake da cikin uwarsa, ba ta sakinsa da daɗin rai. Hanyar da aka fi bi a same shi ita ce a kashe uwar. Ke nan ɗan biri ɗaya a kasuwa, uwa ɗaya ce ta faɗi a daji. Kuma da yawa daga cikin jariran ba sa kai wa ga mai saye, suna mutuwa a hanya saboda rashin nono, da zafi, da firgita.

Macen jan biri tana fara haihuwa tana da kimanin shekara 3. Cikinta wata biyar da rabi ne, kuma ɗa ɗaya take haifa a shekara. Ba kamar ɓera ko zabuwa ba ne da za su cika wuri cikin damina guda. Mu ɗauka garke na da uwaye goma, a kowace shekara a kashe biyu don a ɗauki ɗiyansu, kare da tarko su ci wasu. Duk mai sana'a ta san abin da ke faruwa in aka fara cin uwar kuɗi: ba a jimawa sai a rufe rumfa.

Shi ma wanda ya saya bai ci riba ba. Ɗan biri yana da ban sha'awa a watannin farko. Da ya girma, musamman namiji, sai fiƙoƙinsa su fito, ya fara cizo. Daga nan wasu su karya masa haƙora, wasu su ɗaure shi da guntuwar sarƙa a rana har ƙarshen ransa, alhali dabba ce da ke iya wuce shekara 20 a tsare. Wasu kuma su kai shi bayan gari su sake, shi bai san abincin daji ba, ba shi da garke, sai ya koma satar abinci a gidaje har a kashe shi.

Akwai kuma maganar lafiya, wadda ta shafi iyaye mata kai tsaye. Jikin biri ya yi kusa da namu, don haka cututtuka na ratsawa tsakaninmu da shi. Mutum na iya sa masa tarin fuka, shi ma ya sa wa wani. Cizonsa na iya kawo ciwon haukan kare, wanda in alamunsa suka bayyana ba a tashi. Duk wanda biri ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, a garzaya da shi gidan likita a ranar, kada a tsaya shafa toka ko magani na gida. Game da cutar da ake kira ƙyandar biri kuwa, sunan ne ya jawo wa biri baƙin jini. An fara gano ta ne a jikin biran gwaji a ƙasar Danmak a 1958, amma masana sun fi zargin ƙananan dabbobi dangin kurege da gafiya, kuma a ɓarkewar 2022 daga mutum zuwa mutum ta yi ta yaɗuwa. Kashe birai ba ya maganinta. Barin taɓa su da barin cin namansu shi ne rigakafi.

Ta fannin doka ma akwai abin lura. Ranar 29 ga watan Afrilu 1998 Nijar ta kafa doka mai lamba 98-07 a kan farauta da kare namun daji, wadda ta tanadi cewa farauta da kama dabbar daji sai da takardar izini. Haka kuma tun 1975 ƙasarmu ke cikin yarjejeniyar CITES ta duniya, wadda ta shafi dukkan birai: ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda. Direba ko ɗan kasuwar da aka ba ɗan biri a kwali ya kai wa wani a ƙetare, ya san cewa kayan da ƴan duwan da ma'aikatan gandun daji ke da ikon kamawa ne ya ɗauko.

Abin da ya faru a wasu wurare

Don a ga ƙarshen wannan hanya, mu dubi arewacin ƙasarmu. A duwatsun Abzin, tsakiyar hamada, akwai ragowar birai tun zamanin da yankin ke da ruwa da ciyawa. Ƙiyasin da aka yi wajen shekarar 1990 ya nuna bika kimanin 70 kacal a duwatsun Tamgak, da jan biri kimanin 500 a yankin. Ɗaruruwan kilomitoci na rairayi sun raba su da ƴan uwansu na kudu, babu mai zuwa, babu mai tafiya. Dabbobin da suka ragu haka, suna haihuwa tsakanin dangi na kusa, fari ɗaya mai tsanani ko cuta ɗaya na iya share su. A Abzin hamada ce ta yi musu katanga. A kudu gonaki da hanyoyin mota da garuruwa ne ke yin wannan aiki, suna yanka daji gunduwa-gunduwa, kowane garke a tsibirinsa.

Can gabashin Afirka kuma, a arewacin Tanzaniya, akwai wani ɗan uwan jan biri na jini. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna waɗanda suka rage ba su wuce 200 ba a duk duniya, a yammacin yankin Serengeti. Dalilan da masanan suka lissafa, kamar a ƙauyukanmu aka rubuta su: faɗaɗa gonaki, sare itatuwan ƙaya don gawayi, karnuka, tarko, da gasar ruwan sha tsakaninsu da dabbobin gida.

A nan gida, manyan mafakan da suka rage su ne wuraren da doka ta keɓe, irin su gandun daji na W da ke kudancin Yamai, wanda aka kafa a 1954 kuma ɓangaren Nijar ya kai hekta 220,000. Sai dai rashin tsaron da ya addabi yankin tun wajen 2020 ya hana ma'aikatan gandun daji yin aikinsu yadda ya kamata. Saboda haka ba za a jingina da gandu kaɗai ba. Makomar jan biri tana hannun mutanen da yake zaune kusa da su.

Inda aka iya zama tare

Kada mai karatu ya ce ai mutum da naman daji ba sa haɗa wuri. Misali na kusa shi ne raƙuman dawa na Kure, a kan hanyar Yamai zuwa Doso. Su ma a cikin gonaki suke yawo, su ma suna cin waken manoma da mangwaronsu. A 1996 guda 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma. Aka hana kashe su, ƙungiyoyi suka taimaka wa ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan basussuka, samari suka samu aikin rakiyar baƙi. A 2017 sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji, arewacin jahar Maraɗi, inda suka ɓace shekaru da dama. Harin da aka kai Kure a watan Agusta 2020 ya tsayar da zuwan baƙi, amma darasin na nan: dabbar da ta kusa ƙarewa ta farfaɗo a tsakiyar gonaki, saboda mutanen wurin sun ga amfaninta.

Misali na biyu, fatakenmu masu kai albasa Kumasi suna wucewa kusa da shi. Ba nisa da babbar kasuwar Techiman a ƙasar Gana, akwai ƙauyuka biyu, Boabeng da Fiema, inda birai iri biyu ke zaune a ɗan kurmin da ke manne da gidaje. Wasunsu har tsakar gida suke shiga. Mutanen wurin ba sa kashe su saboda al'adarsu ta gargajiya, har maƙabarta suka yi musu. Da al'adar ta fara rauni, sai suka nemi hukuma ta mara mata baya, aka kafa dokar gari a 1975 wadda ta hana kashe biran. Ɗaya daga cikin nau'o'in biyu, wani biri baƙi mai farar jela, ya kusa ƙarewa a sauran wurare, amma a wannan kurmi ya ƙaru, kuma baƙi na biyan kuɗi su gan shi. Al'adarsu tasu ce. Abin ɗauka a ciki shi ne mutanen gari ne da kansu suka yanke shawara, suka ware ɗan daji, suka tsare shi.

Misali na uku namu ne na kanmu. Tun shekarun 1980 manoman jahar Maraɗi suka fara sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana gyara shi maimakon a sare a ƙone. Aikin ya bazu zuwa Damagaram da Tawa, har masana suka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Gona mai itatuwa ba daji ba ce, amma tana rage matsin da ke kan dajin, tunda mai gona na samun iccensa a gida. Mutanen da suka maido da itatuwa miliyoyi ba tare da jiran kowa ba, ba za su kasa tsare ƴan garkunan birai ba in sun ga dama.

Abin da ke hannunmu

Na farko, kuma mafi sauƙi: kada a sayi ɗan biri. Ko don tausayi ne kada a saya, domin jika biyu ko uku da aka ba mai kamawa, kuɗin harsashin da zai harbi wata uwar ne. Mai kamawa ɗan kasuwa ne kamar kowa, hajar da ba ta da mai saye ba ya sake ɗauko ta. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƴan tasha na iya hana wannan ciniki a wurarensu, wanda kuma ya ga ana yi ya sanar da ma'aikatan gandun daji.

Na biyu ya shafi masu sayar da icce da gawayi, da masu tuwo-tuwo, masu ƙosai da masu gasa nama. Tun 1992 aka kafa tsarin kasuwannin icce na karkara, inda mutanen ƙauye ke kula da dajinsu, ana ƙayyade abin da za a sara, ana ba da takarda. Dillalin da ke sayen icce mai takarda ya taimaka wa dajin da zai ci gaba da ba shi haja. Murhu mai tattalin icce kuma, ko gas ga mai hali, yana rage kuɗin da mai abinci ke ƙonawa kullum.

Na uku na manoma ne, kuma da yawa daga cikin ƴan kasuwa manoma ne da damina. Biri da rana yake ɓarna, da dare barci yake. Kuma ɓarnar ƴan makonni ce, daga lokacin da amfani ya fara nuna zuwa girbi. Mutum-mutumi ba ya daɗe yana ruɗinsa, kwana kaɗan ya gane, amma mutum na gaske yana tsoronsa. Gonakin da ke bakin daji, in masu su suka haɗa kai suka yi karɓa-karɓar gadi na waɗannan makonni, kowa ya huta, kuma ba sai an fitar da yara daga makaranta ba. A layin da ke fuskantar daji a sa abin da bai dame shi ba, kamar barkono, masara da gujiya su koma kusa da gari. Kada a ba biri abinci da hannu, kada a zubar da ragowar kayan garka a inda zai saba zuwa. Guba kuwa a bar ta har abada.

Na huɗu na masu gari ne da magadan gari. Inda har yanzu akwai garken birai, a bar musu guntun dajin da suke kwana, a bar hanya ɗaya zuwa tabki wadda ba a shinge ba. Birin da ya samu ƙaro da aduwa da ruwa a wurinsa, zuwansa gona zai ragu. Kuma ba a banza yake zaune ba: yana cin fara da tsutsa, yana baza irin itatuwa a duk inda ya bi.

Masu karatu, yaranmu sun san biri a tatsuniya, sun san shi a karin magana. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa ganinsa yana gudu a fili ba, sai dai da sarƙa a ƙugu. Ranar kasuwa mai zuwa, in aka tallata muku ɗan biri a cikin kwali, ku tambayi mai shi ina uwarsa, sannan ku bar kuɗinku a aljihu.